Inda Inna Take Kiran Sunana

Ranar Alhamis ce, kashegarin sadakar arba'in ɗin Inna, a ƙarshen bazarar shekarar da nake aji huɗu a lakwal, makarantar boko. Zafi ya kai inda kaji ke kwanciya a gindin randa suna haki. Na dawo daga rijiya tafin ƙafafuna suna raɗaɗi, na sauke tulu, na zagaya bayan rumbun Baba inda 'yar inuwa take taruwa da azahar, na miƙe kan wani tsohon buhu. Ban san sa'ad da barci ya sace ni ba. Sai ga Inna tsaye gaban turmi tana surfe, ɗaure da baƙin zanenta mai ratsin shuɗi. Ta ɗago kai, ta dube ni ido cikin ido, ta ce, "Rabi, miƙo mini faifai." Na zabura na farka, na ruga ɗakin Kaka, uwar mahaifina, ina ba ta labari numfashi sama-sama. Kaka ta yi dariya ta ce, "Wa ya ce miki ta mutu? Tana rijiya." Na zuba da gudu. Na tarar ruwa ya taso har bakin rijiya, Inna ta durƙusa tana ɗiba da ƙwarya, ba guga ba igiya. Na miƙa hannu zan dafa kafaɗarta, sai na sake farkawa a kan buhun nan, ƙanena Ilu zaune kusa da ni yana tsotsar aduwa. Na soma gaya masa abin da na gani, yaron da bai cika shekara huɗu ba ya amsa mini da muryar dattijo, tsoro ya kama ni, na farka karo na uku. Wannan karon ladan yana kiran la'asar, akuya tana taunar bakin zanena, buhu ya zana mini layi-layi a kumatu. Na daɗe zaune ina jiran farkawa ta huɗu. Da na ga ba ta da niyyar zuwa, na tashi na leƙa sashen Inna, na tarar asabari a sake, turmi a kife.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce mene ne abin zabura don uwa ta kira sunan 'yarta. To, ni 'yar fari ce, kuma a ƙauyenmu, can tafiyar hantsi daga Ollelewa, kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka raɗa mini suna, Inna ba ta taɓa furta shi ba. "Ke" take ce mini, in kuma da mutane sai ta ce "yarinyar tsohuwa". Ana yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, can na girma, taki goma tsakanina da ɗakin uwata amma kamar wata unguwa. In na shiga tana hira sai ta kau da kai, in baƙuwa ta tambaye ta ko ɗiyarta ce sai ta yi kamar ba ta ji ba. Ba ƙi ba ne, ko a lokacin na san ba ƙi ba ne. Ƙwaryar furar da ake aiko mini daga wurinta kullum ta fi ta kowa nono, kuma ƙanzon tukunyarta ni ake ajiye wa a ƙarƙashin faifai ba tare da an ce ga mai shi ba. Kusantarmu mafi tsawo ita ce ranar kitso, in zauna tsakanin gwiwoyinta na ba ta baya, tana tsaga gashina da tsinke tana shafa man shanu. Saboda haka na san gwiwoyin Inna, na san ƙarfin yatsunta da ƙamshin hayaƙin da ke zanenta, amma fuskarta sai dai a sace, ta gefe. Naƙuda ta zo mata da gardama, aka ɗora ta kan amalanke za a kai ta likita a Tanut, ba su kai rabin hanya ba ta cika, ita da abin da ke cikinta. Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ko na katin shaida.

Sai kuma in faɗi yadda rijiyarmu take, don a san abin da ya sa ruwan mafarkin ya tsaya mini a rai. Rijiyoyin ƙasarmu ta Damargu ba a jan su da hannu sai wanda ya gaji da bayansa. In ka leƙa tamu, ruwan can ƙasa bai fi girman faifai ba, kuma in ka jefa tsakuwa sai ka ƙosa kafin ka ji ta faɗa. Da sa ake ja. Baba yana tsaye a baki ya zura wasaki, babban gugan fata, igiya ta bi ta kan gungumen da aka gitta a kan gwafa biyu, ɗaya bakin kuma a ɗaure jikin sa. Aikina shi ne in kora san nan in yi ta tafiya a kan turbar da ƙafafun dabbobi suka riga suka haƙe, har Baba ya koma ɗan ƙarami a bayana, sai in ji ya ƙwala, "Ya isa!" in juyo da shi mu sake. Tun asuba ake wannan kai da komowa, mu da Buzaye masu raƙuma da Fulani masu shanu, kowa da gwafarsa da lokacinsa, ga kukan jakuna, ga faɗan wanda aka shiga wa layi. Wani lokaci wata Buzuwa takan ɓallo mini ɗan cuku in na taya ta riƙe jaki. Yarinyar da ta san tsawon igiyar nan da ƙafarta ba a yi mata wasa da ruwa a bakin rijiya.

Bayan kamar mako guda abin ya sake zuwa. Na gan ni a rijiya, ruwa ya cika fal yana taɓa gungume, sai wani tunani ya faɗo mini sarai kamar a farke: wannan rijiyar tamu ba ta cika, mafarki nake. Na jira in farka, ban farka ba. Na dubi hannuwana, na dubi garin, kome yana nan har kashin raƙuma. Na ce wa kaina, in dai mafarki ne, to Inna tana gida. Na juya na tafi, na kuwa same ta bayan rumbu. Daga ranar na zama gwana. Ba wanda ya koya mini, da faɗuwa da tashi na gano dokokin wurin. In na yi gudu da yawa garin yakan narke. In na taɓa ta ko na fashe da kuka, nan take zan tsinci kaina kan buhu. Sai na koyi tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike, in zo in zauna a gabanta, fuska da fuska, abin da ban taɓa yi ba tana da rai. Sau ɗaya na gwada tashi sama don in ga ko zan iya, na kuwa iya, na bi ta kan lakwal na hango sanƙon Mushe, malaminmu, yana ƙyalli, amma da na farka na ji haushin kaina, na ɓata tafiya guda a kan shirme. Abin da nake zuwa yi shi ne kallo. Ina bin fuskarta kamar yadda muke haddar karatun Faransanci: wushirya a haƙoran sama, tsaga biyu gajeru a kowane gefen ido, ɗan tabon ƙuna a haɓa. Ita kuwa ba ta kau da kai. Takan ce "Rabi" a sauƙaƙe, kamar kullum haka take faɗa, ni kuma in ƙirƙiro dalilin da zai sa ta sake.

Abin yana da harajinsa. Sau da yawa nakan farka, in share tsakar gida, in kora sa har ƙafata ta yi zafi, in je lakwal in sha bulala a kan rubutun da na ɓata, sa'an nan in buɗe ido in tarar ko tsintsiya ban ɗauka ba, duk aikin yana nan yana jirana, har bulalar. Wata rana sai na fito daga mafarki uku ko huɗu, ɗaya cikin ɗaya, kafin in iso duniyar da ake jin yunwa. Na shiga taka ƙarangiya da gangan in ina shakka, don na lura ta mafarki ba ta da zafi. Duk wannan bai dame ni ba. Na bar carafke, na bar gaɗa da ƙawayena, in an fita shan iska a lakwal sai in nemi gindin aduwa in dunƙule. Tuwo ma in na ci loma biyar sai in tsame hannu, don na gano cikin da bai cika ba ya fi saurin kai ni can. Kaka takan zungure ni da ƙafa ta ce, "Barci dai ƙanin mutuwa ne, ke kuwa kin ƙulla zumunci da shi." Ta yi zaton lalaci ne, ni ma na bar ta a haka.

Da farko ban ɓoye ba. Bayan mafarkin farko na gaya wa Kaka na ga Inna, ban faɗi sauran ba. Ta ce mamaci in ya zo addu'a yake so, ta sa aka buɗe rumbu aka ɗebo gero tiya guda, ta daka gumba ta tara yaran unguwa ta raba musu sadaka. Karo na biyu ma haka. A karo na uku na ga Baba ya leƙa cikin rumbun ya daɗe bai fito da kansa ba, ga shi ko shuka ba a yi ba balle a yi zancen sabon hatsi. Daga nan na kama bakina. Mutum ɗaya kawai nake ba labari, shi ne Ilu, don shi ya riga ya soma mantawa. Yakan zo ya jingina da ni ya ce, "Yaya, Inna fara ce ko baƙa?" Sai in zana masa ita tun daga goshi har haɓa, sabuwa fil, yadda na gan ta jiya. Na ɗauki kaina mai yi wa gidanmu ajiya, tunda manya sun rufe zancenta kamar yadda aka saki asabarin ɗakinta, in an ambace ta sai "Allah ya jiƙanta" a wuce.

Asirina ya tonu ne da damina, bayan an rufe lakwal. Wata asuba aka yi ruwan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba, har katangar maƙwabta ta zauna. Da hantsi ya ɗauke, Kaka ta miƙo mini tulu ta ce in je in gani ko za a samu na sha. Rijiyarmu a cikin kwari take, ban kuwa yi tunanin inda duk ruwan tudu ya gangara ba. Ina hawa ɗan tudun da ake hango ta, sai na ga ruwa shimfiɗe, ya shafe turbar sa, ya kawo daidai bakin rijiya, gwafanni kawai ke tsaye a ciki. Rana tana walƙiya a kansa. Ban tsaya neman ƙarangiya ba, me zan yi da ita ga shaida a gabana? Na ajiye tulu a kan hanya na juya, ina tafiyar nan tawa ta a hankali, ina murmushi, ina wuce mutane ba gaisuwa tunda a ganina mutanen mafarki ne. Na shiga gida na zagaya bayan rumbu ina kira da ƙarfi, "Inna! Inna, na zo!" Kaka ce a wurin tana shanya tsummokaran da suka jiƙe. Na dube ta na ce, "Kaka, matsa, ba ke nake nema ba. Ina take, kafin in farka?" Baba yana gyaran darni a gefe, na ga igiyar kaba ta suɓuce daga hannunsa. Kaka ta kama damtsena ta matsa har na ji zafi, zafi na gaske. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini kamar na wannan lokacin ba, na durƙushe cikin taɓo na yi kukan da ban yi ba ranar da aka dawo da amalanke.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kaka ta ja ni ɗaki ta zaunar, na zayyana mata kome, har dabarar rage tuwo. A wurinmu an yarda cewa in mamaci ya ba ka abinci a mafarki ka ci, ko ya ce ka biyo shi ka bi, to kwananka ya ƙare. Shi ya sa tambayarta ta farko ita ce, "Tana ba ki abin ci?" Na ce a'a. Ta ce, "Ta taɓa cewa ki biyo ta?" Da na yi ƙarya da an yi sadakar gumba an wuce wurin, amma yaro bai san inda gaskiya take yanka ba. Na ce, "Ba ta ce ba. Ni dai nake so in zauna can." Kaka ta yi salati ta tafa hannu. Kafin azahar Baba ya je wurin liman, kafin magariba an kawo rubutu cikin kwalba, na kwana bakwai, da laya da aka ɗaura mini a wuya.

Kwana biyun farko ban sha ba. Tsoron zubar da ayar Allah a ƙasa ya hana ni zubarwa, sai na riƙa ɗura wa Ilu a ɓoye, kuma har yau in na ga yadda yake barci kamar gungume nakan ce aikina ne. A rana ta uku Kaka ta zuba rubutun a ludayi da kanta, ta zauna a gabana. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da na ji sauƙi. Ta buɗe tafin hannuwanta ta nuna mini ta ce, "Da hannun nan na wanke uwarki. Ki ji tausayina, Rabi, kada ki sa in wanke ki." Tsohuwar da ban taɓa ganin hawayenta ba, sai ga su suna bin tsagar fuskarta. Na karɓi ludayin na shanye, ina sane da abin da nake sayarwa. Daga nan ba ta sake barin rana ta same ni a kwance ba. In an gama noma sai tsinkar tafasa, in an gama sai kiwon awaki, sai daka, sai kai wa Baba fura gona, tuwo kuwa tana zaune a kaina sai na suɗe kwano. Kafin in kai tabarma na riga na mutu da gajiya.

Sau ɗaya mafarkin ya sake zuwa, wajen lokacin da gero ya soma fitar da kai. Na ga ruwa a bakin rijiya, na gane, na taka a hankali har bayan rumbu. Inna tana zaune kan kujera 'yar tsugunne da tsinken kitso a hannu, ta nuna mini ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Na zauna na ba ta baya kamar da. Na ji yatsunta a kaina, ta taɓa ni kuma ban farka ba, daɗi ya hana ni motsi. Na san in na waiwaya zan ga fuskarta, amma na ce bari ta gama tukuna, gobe ma rana ce. Na farka sau ɗaya tak, a ɗakin Kaka, zakara yana cara. Ko rubutun ne, ko gajiya, ko girma ne ya zo, ban sani ba. Na yi shekaru ina kwanciya da niyya, ina kiran rijiyar nan a zuci har barci ya ɗauke ni, amma ƙofar ta rufe. Na daɗe ina riƙe da Kaka a raina, sai da na haifi tawa 'yar farin, zazzaɓi ya kwantar mini da ita kwana uku, sa'an nan na yafe mata, ita kuwa lokacin ta daɗe a ƙasa.

Yau ina koyarwa a Damagaram, 'ya'yana huɗu. Babbar ina kiran sunanta gaban kowa, har in rungume ta a bakin ƙofa, tsofaffin danginmu suna cewa boko ya cinye mini kunya, ni kuwa ko a jikina. Wayata cike take da hotunansu har tana ƙin karɓar sabo, na mai kuka, na mai cin tuwo, na wanda bai san ana ɗaukarsa ba. Mafarkina na yanzu na jarrabawa ne da cefane, kuma in ina ciki ban taɓa sanin mafarki nake ba. Fuskar Inna ta tafi a hankali, ban san ranar da ta ƙarasa fita ba. Kalmomin suna nan, wushirya, tsaga biyu, tabo a haɓa, ina iya jero su kamar haddar da muka yi a aji huɗu ba mu san ma'anarta ba, amma in na rufe ido ba sa haɗuwa su zama mutum. Baba ya rasu, sa'o'inta da suka san ta da ƙuruciya duk sun bi.

Watan jiya matar Ilu ta haihu a Belbeji, mace, ya sa mata sunan Inna. Bayan suna ya turo mini hoton jaririyar, ya kira ni yana ɗoki kamar ba magidanci mai gemu ba. Ya ce, "Yaya, ke ce kika san ta. Don Allah dubi da kyau, ta ɗauko ta?" Na buɗe hoton na ƙara girmansa, na dubi ɗan goshin, na dubi haɓar, na jira wani abu ya motsa a raina. Ba abin da ya motsa. Yana can yana jira, ina jin numfashinsa. Na ce, "Ita ce sak, Ilu, har goshin." Ya yi ta hamdala, na ji yana gaya wa matarsa.

Allah ya yafe mini. Shi yana da wadda zai tambaya, ni ce ba ni da kowa.